Addinin Bokonon: Waliyyi a Daji, Azzalumi a Fada

A shekarar 1963 ne wani marubucin Amurka, Kurt Vonnegut, ya ƙago wani addini cikin littafinsa na hikaya mai suna Cat's Cradle. Wai wasu baƙi biyu, Johnson da McCabe, jirgin ruwansu ya tarwatse, suka tsira a tsibirin San Lorenzo, inda talauci ya yi katutu. Da suka ga ba su da maganin yunwar jama'a, sai suka raba aiki. Johnson, wanda mutanen tsibirin ke kira Bokonon, ya shige daji ya zama waliyyi. McCabe kuwa ya hau mulki, ya haramta addinin bisa shawarar Bokonon ɗin, ya ce duk mabiyin da aka kama a ƙugiya za a rataye shi.

Aƙidarsu ita ce, wai jama'a ba ta zama lafiya sai alheri da sharri suna ta ja-in-ja. Bokonon ma bai ɓoye ba cewa koyarwarsa duk ƙarya ce, amma mai sanyaya zuciya.

Talakawa suka shagala da kallon wannan kokawa, yunwa kuwa tana nan daram. To, mai karatu, in ka ga manya biyu kullum suna faɗa, duba ko akushinsu ɗaya ne.