Yadda A Ke Gano Tsofaffin Ramukan Kuza Kafin A Sayi Fili

Duk wanda ya bi hanya daga Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, ba zai rasa ganin tafkuna masu zurfi da tsibin jar ƙasa dama da hagun ba. Waɗannan duka aikin masu haƙar kuza ne. Ramin da ido ke gani da sauƙi, gama kowa ya san ya kauce masa. Wanda mu ke tsoro shi ne ramin da aka cike, ciyawa ta rufe, har gari ya tarad da shi aka yanka filaye a kansa. Mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya yi gini, damina biyu ko uku sai bango ya tsage. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda a ke bincike tun ba a biya kuɗi ba.

Da fari sai mu san yadda aka yi haƙar. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna narka kuza. A cikin 1902 Kamfanin Neja ya aiko a nemi asalinta, ba a daɗe ba kamfanoni suka cika ƙasar, har aka jawo reluwe daga Zariya ya iso a 1914. Aikin ya fi tsanani lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame ƙasar Malaya, aka riƙa tattaro leburori da tilas daga larduna tsakanin 1942 da 1944. Daga baya ciniki ya yi ta ja da baya, da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985 kuwa sai manyan kamfanoni suka durƙushe, ramukan suka zama ba mai kula.

Kuza tana da nauyi. Ruwa ya wanko ta daga duwatsu tun zamanin da, ta kwanta cikin tsakuwa a ƙarƙashin rafuka da kwaruruka, har da tsofaffin hanyoyin ruwa waɗanda ƙasa ta binne. Saboda haka masu haƙa kwari su ke bi, filin da ke cikin kwari ko gefen rafi shi ya fi cancanta a tuhume shi. Haƙar kuwa iri biyu ce. Kamfanoni su kan yaye ƙasar bisa duka su yi babban rami, su wanke tsakuwa, su zubar da yashi da laka a gefe. Ƙananan mahaƙa kuma su kan yi abin da a ke kira loto, watau su haƙa kamar rijiya har su isa tsakuwar, sa'an nan su yi ta kurɗawa gefe da gefe. Ƙasar da aka mayar cikin babban rami ba ta da ƙarfin ta asali, ta kan daɗe tana lotsawa, wani gefe ya fi wani. Loto kuwa ko an toshe bakinsa, kogon da ke ƙasa yana nan sai ran da ya rufta.

Hanyar bincike ta fari ita ce takardu. Kowane kamfani sai da aka auna masa yankinsa, aka kafa alamu, aka zana taswira. Tun 1919 aka kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya, ta kuwa zana taswirorin ƙasar kuza. Takardun Lardin Filato na zamanin Turawa suna gidan ajiyar takardun tarihi a Kaduna. A samu ma'aunin ƙasa ya ɗora taswirar filin bisa tsohuwar taswira, a kuma gwada tsohon hoton da aka ɗauka daga jirgin sama da na tauraron ɗan'adam na yanzu. In a da akwai tafki a wurin, yau babu, to, cikewa aka yi. Sa'an nan a tuna, bisa doka ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, takardar mallakar fili ba ta ba mutum abin da ke ƙarƙashi. Sai a tambayi ofishin rajistar ma'adinai na Abuja, wanda ke aiki bisa dokar 2007, ko akwai mai izinin haƙa a wurin har yanzu.

Amma takarda ba ta isa ba, gama yawancin loto ba a rubuta shi a ko'ina ba. Hanya ta biyu ita ce tambaya. A je wurin mai unguwa da dattawan da suka yi lebura ko suka noma wurin, su sun san inda saniya ta taɓa faɗawa. Kada a tsaya ga maganar dillali kaɗai, shi lada ya ke nema.

Hanya ta uku, a taka filin da ƙafa, da rani bayan ciyawa ta bushe, a kuma koma da damina. A dubi ƙananan kwarmi masu kewaye, da inda ruwa ke kwanciya ko ya ɓace farat ɗaya, da farin yashi ko tsakuwa wankakkiya inda ya kamata a ga jar ƙasa, da tsofaffin magudanai da guntayen siminti. Itatuwan turare a jere ma alama ce, gama bayan dokar ma'adinai ta 1946 an baje waɗansu wurare an dasa su. A dubi bangayen maƙwabta kuma. In an ga baƙin yashi mai nauyi kusa da inda aka tace kuza, kada a yi gini da shi, don ya kan ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururin da ido ba ya gani, mai cutar da jiki.

In bayan wannan duka da sauran shakka, sai a kira injiniya ya haƙa ramukan gwaji a kusurwoyin filin har ya isa ƙasar asali. Shi zai faɗi ko harsashi mai zurfi zai ɗauki ginin, ko kuwa a haƙura da wurin.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A ƙasar Konwal ta Ingila, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙar kuza da jan ƙarfe, al'ada ce mai sayen gida ya biya a bincika masa tsofaffin ramuka tukuna. Su ma sai a 1872 doka ta tilasta ajiye taswirar ramin da aka bari, saboda haka na gabanin wannan su kan ɓace musu kamar yadda loto ke ɓace mana.

Muna roƙon ɗalibanmu da za su fita aikin malanta a ƙasar kuza su koya wa yara gane waɗannan alamu, su hana su wanka a tafkunan, su kuma taimaki iyayen yara da karanta taswira in sun zo sayen fili. Kuɗin bincike kaɗan ne in an gwada shi da na gida. Allah ya kiyashe mu da hasara, amin.