Ma'aunin Malamai da Ƙamusun Badanci

Tun 2005, da Jorge Hirsch na Amurka ya fito da ma'auninsa, jami'o'i suka ƙara dukufa ga ƙidayar sau nawa masana suka ambaci rubutun malami, da kuma waɗanda ya yi aiki tare da su. Cikin wannan yayi aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013.

To, amma ga ƙamusun Badancin Gashuwa na 2004, wanda marigayi Farfesa Russell Schuh ya haɗa gwiwa da 'yan ƙasa suka fitar. Masu nazarin Badanci a duniya 'yan tsiraru ne, saboda haka tilas masu ambatonsa su yi kaɗan, kome ingancinsa. Ƙidayar kuwa ba ruwanta da cewa sunan ɗan Bade ne a bangon littafin.