Idan Noti Ya Faɗa Cikin Inji

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani abin da na koya a hutun da ya wuce, na ga ya kamata in rubuto muku, ko Allah Ya sa ya amfani wani.

Garinmu Assakio yana kan hanyar da ta tashi daga Lafia zuwa Shendam, ƙasa ce ta doya da shinkafa. Kawuna yana da tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 504, irin ta ma'aikatar nan ta Kaduna da ta fara haɗa motoci a 1975. Da ita yake ci da iyalinsa, da ita kuma yake biya mini kuɗin makaranta. Ran nan da la'asar, an riga an yi mata lodin doya za a kai Lafia da asuba, sai ya ce in taya shi sake fulogi. Na cire na farko ke nan, wani ɗan noti da na aza bisa inji ya gangara ya faɗa ramin.

Na ce, "Kawu, mu ta da ita mana, ai zai fita ta salansa." Bai ce mini kome ba, sai ya zare makulli ya sa aljihu, ya aika aka kirawo wani tsohon bakanike.

To, ga dalilin da ya sa ba a ta da inji. Ramin fulogi ƙofa ce zuwa silinda, watau ɗakin da fetur ke ƙonewa. A ciki fistin yana hawa yana sauka. Sa'ad da ya kai ƙarshen hawa, ratar da ke tsakaninsa da rufin ɗakin 'yar kaɗan ce. Ko mota tana tsaye, inji yana juyawa wajen sau 800 a minti, watau fistin yana hawa fiye da sau 13 kafin ka ce ɗaya. In akwai ƙarfe a ciki, nan da nan zai huda fistin, ko ya lanƙwasa bawul. Abin da bai kai kuɗin goro ba sai ya cinye ribar damina.

Da tsohon ya zo, farko ya cire wayar batir, don kada wani ya murza makulli bisa kuskure. Sa'an nan ya haska ramin da tocila. Ya ɗauko wata waya mai lanƙwasuwa da ɗan mayen ƙarfe a bakinta, ya zura sannu a hankali yana lalube. Sau huɗu tana fitowa ba kome. A na biyar sai ga noti manne.

Ya ce mini na yi sa'a notin na baƙin ƙarfe ne, domin mayen ƙarfe ba ya kama gorar ruwa, ko tagulla, ko roba. Irin waɗannan sai a shafa giris mai kauri a bakin waya a dangwalo su, ko a zuƙo su da siririn tiyo. Wasu masu gyara yanzu suna da 'yar kyamara mai doguwar igiya wadda ake haɗawa da wayar hannu, ana ganin cikin silinda sarai. In duk dabara ta ƙare, ba makawa sai an kwance kan inji, a sayi sabon gaskit.

Na tambaye shi, "Baba, in ta wajen zuba baƙin mai ya faɗa fa?" Ya ce wannan sai a buɗe murfin sama a duba tsakanin bawuloli. In ya riga ya bi hanyar mai ya sauka ƙasa, a tsiyaye man, a kwance kaskon da ke ƙarƙashin inji a ɗauke shi. In kuwa ta bakin kafireta ne, kada a taɓa totur, gama buɗe shi ne zai sakar wa abin hanya zuwa silinda.

Kafin a mayar da fulogi, ya sa sufana ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ya ji ba abin da ya tokare. Sa'an nan aka ta da mota, doya kuwa ta isa Lafia a kan lokaci.

Da zai tafi ya ba ni gargaɗi uku. Ka toshe kowane rami da tsumma mai tsabta da zarar ka buɗe shi. Ka zuba abin da ka kwance cikin kwano, ba bisa inji ba. Ka ƙirga su kafin ka fara, ka kuma ƙirga bayan ka gama.

Ni dai har da na huɗu na samu. Da na ji kunya na yi shiru, da an ta da motar, kuma da ban dawo kwaleji bana ba. Saboda haka in mun fita mun zama malamai, mu saba wa yaranmu da faɗin kuskurensu tun da wuri, kada tsoron bulala ya sa su ɓoye. Tun ran gini ran zane. Wassalam.