Shan-inna: Saura Ƙasa Biyu, Amma Cutar Matafiyiya Ce

A 1988, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙi da cutar shan-inna, yara wajen 350,000 take nakasawa kowace shekara a ƙasashe 125. Yau ƙwayar cutar ta asali ta maƙale a ƙasa biyu rak, watau Pakistan da Afganistan. A 2021 yaro ɗaya kaɗai ta kama a Pakistan, har ana cewa an ga bayanta. Ina! A 2024 sai ga 74.

Me ya hana ruwa gudu? Na farko dai rashin yarda. A 2011 'yan leƙen asirin Amurka suka fake da aikin rigakafi na ƙarya a garin Abbottabad don neman Usama bin Laden. Wannan ɓarna ce babba, gama tun daga 2012 'yan bindiga suka riƙa harbe masu ɗiga wa yara magani, da 'yan sandan da ke rakiyarsu.

Na biyu kuwa tafiye-tafiye ne. Dubban mutane kan ƙetare iyaka ta Torkham da Chaman, wasu kuma su gangara Karachi cin rani da iyalinsu. In ma'aikata sun zo ƙauye, yaro yana birni. In sun zo birni, ya koma ƙauye. Ga shi ɗigo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita. Cutar kuwa ta ƙazanta da gurɓataccen ruwa take bi, kuma cikin yara 200 da suka ɗauke ta ɗaya ne ke shanyewa, sauran su yi ta yaɗa ta ba a sani ba.

Mutanen Arewa sun san wannan labari. Kano ta dakatar da rigakafi a 2003, kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta bazu, har ta kai Sudan, daga baya kuma ta kai Yaman da Indunusiya. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki aka ci nasara. A Borno aka ga na ƙarshe a 2016, aka kuma tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali a Agustan 2020.

Duk da haka wani nau'inta na biyu ya ci gaba da ɓulla inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba, musamman wajen Sakkwato da Zamfara. Saboda haka magidancin Agege ko Sabon Ibadan da zai kai iyali gida Sallah, ya fara duba katin rigakafin yaransa kafin ya nufi tasha.