Kafin sayen tsohuwar kyamarar fim: a gwada ma'aunin haskenta da waya

Kyamarar Yashica Mat-124G tana cin fim samfurin 120, naɗi guda hoto 12 kacal. Shi ya sa kuskuren auna haske asarar kuɗi ce.

An ƙera ma'aunin haskenta don batirin merkuri mai volt 1.35, wanda aka daina sayarwa saboda guba. Batirin yanzu mai volt 1.5 kan sa allurar ta yi ƙarya. Ma'auni irin Weston Master ba ya buƙatar batir, amma ƙarfinsa na raguwa da tsufa.

Kafin biya, mai saye ya auna bango ɗaya da ma'aunin da kuma manhajar auna haske ta wayarsa. Idan sakamakon ya sha bamban sosai, ya nemi ragi ko ya haƙura.