Askin Kariya Ta Cikin Tukunya

Manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata, wannan mako za mu ɗan bar gonar albasa mu shigo tsakar gida. Kowa ya san kariya, 'yar itaciyar nan mai ƙaton gindi kamar ƙaramar kuka, wadda ta kan zubar da ganye da rani, sa'an nan ta fid da jan fure sa'ad da sauran itatuwa suka yi fari fat. Masana suna kiranta Adenium, daga sunan birnin Adan na ƙasar Yaman. A Tailan har sana'a a ke yi da renonta cikin tukwane. Mu ma nan ƙasar Yawuri, tsohuwar randa ko rabin ganga ta ishe ta, muddin an huda gindin don ruwa ya fita.

To, kukan masu ita ɗaya ne: ta miƙe zaƙwal kamar sandar makiyayi, da fure biyu ko uku can bisa. Dalili kuwa, kariya a kan tsinin reshe ta ke fure. Kadan ka datse reshe guda, biyu ko uku za su tsiro ƙarƙashin yankan, kowanne da nasa furen. Har wa yau, wadda ke cikin tukunya ba ta da wurin kafa saiwa, saboda haka in kanta ya yi nauyi, iskar hadarin fari sai ta kā da ita, a yi hasarar itace da tukunya duka.

Babbar magana ita ce lokaci. A yi askin da bazara, bayan fure ya kaɗe, watau daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, kafin ruwa ya zauna a watan Mayu. Kada a taɓa ta tsakiyar damina. Jikinta cike ya ke da ruwa, in ruwan sama ya kwanta kan yankan sai ruɓa ta bi reshe har gindi, yadda albasa ke yi in an bar ta ta jiƙe a kan hanyar kasuwar Yelwa. Da sanyin hunturu kuma hutawa ta ke yi, ba ta saurin toho.

A nemi wuƙa mai kaifi, a gasa bakinta a wuta, ta huce. A fara cire busassun rassa da waɗanda suka yi laushi. Dogayen kuwa a rage su, a bar wajen inci 4 zuwa 6, a yanke a karkace, dab da saman ido, wurin da ganye ya faɗi. A dubi cikin yankan: in ya yi baƙi, a ƙara sauka har a tarad da fari tas. A share ƙaron da tsumma, a barbaɗa toka, a hana ta ruwa kamar mako guda. Cikin 'yan makonni toho zai fito. Waɗansu su kan ji tausayi su tsinke kan reshe kaɗai. Ni dai ban ga amfanin wannan ba, gama baɗi sandar nan za ta komo.

Amma fa a yi hattara da ƙaron nan, dafi ne. Da shi maharba na dā su kan shafe kibiya, an kuma yi amfani da shi wajen kashe kifi. A kiyayi ido, a wanke hannu da sabulu kafin a ci goro. Mutanen Wara da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, kada ku zubar da rassan cikin ruwa, kada kuma ku bar su inda yara ko awaki za su kai.

Rassan nan ba shara ba ne. A shanya su a inuwa kwana 4 ko 5 bakin ya bushe, a kafa su cikin yashi, za su kama. Sai dai mai niyyar sayarwa ya sani, wadda aka dasa daga reshe ba ta cika yin ƙaton gindin nan da masu saye ke so ba. Wannan sai wadda aka shuka daga iri.