AUREN FITILA: YADDA MAƘERAN AMURKA KE SAKE WA TSOFAFFIN MOTOCI FUSKA

Kowane mai lambu ya san yadda ake auren mangwaro, watau a yanko reshen wani iri a ɗaura shi a jikin wani har su zama itace guda. To, a ƙasar Amurka akwai maƙera da suka daɗe suna yi wa tsofaffin motoci irin wannan aure. Sukan yanko fitilun gaba na wata mota tare da ƙarfen da ke kewaye da su, su dasa a fuskar wata, su shafe wurin haɗin har mai kallo ya rantse da haka aka ƙero ta.

Wannan sana'a ta bunƙasa ne a jihar Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma doka ce ta share mata hanya ba da niyya ba. Tun daga 1940 aka wajabta wa motocin Amurka fitila iri ɗaya, mai zagaye, mai faɗin inci 7, wadda ƙwanta da madubinta ke rufe cikin gilashi guda. Da yake ƙwayar idon ɗaya ce a kowace mota, kamfanoni sai suka koma yin gasa a kan kwalliyar da ke kewaye da ita, wato zoben ƙarfe mai walƙiya da 'yar rumfar da ke bisansa. Saboda haka zoben Buick ko na Oldsmobile yana iya zama a fuskar Ford ko Mercury ba tare da an taɓa fitilar kanta ba. Da aka halatta ƙananan fitilu huɗu a 1957, sai maƙeran suka shiga faɗaɗa fuskokin tsofaffin motoci don su ɗauki biyu-biyu.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Maƙeri yakan sayo gaban motar da ta mutu daga wurin masu tara gwangwan, ya auna tsayin fitilar daga ƙasa da nisanta daga tsakiyar mota, ya fitar da siffa a kwali kafin ya sa zarto. Wajen walda kuwa ɗigo-ɗigo ake yi, nan kaɗan can kaɗan, domin ƙarfen jikin mota ba shi da kauri, zafi na yin yawa sai ya lanƙwashe. Daga nan a bi shi da guduma, sa'an nan a narka dalma da aka gauraya da kuza, a shimfiɗa ta da 'yar muciyar katako da aka shafa wa kitse, a goge da magagari, a yi fenti. Wasu kuma sukan nutsar da fitilar cikin jikin motar su liƙe zoben gaba ɗaya, har ya zamana in ƙwan ya mutu sai ta baya, ta wajen taya, ake sake shi.

Motar da ta fi yin suna a wannan fanni ita ce wata Mercury ƙirar 1951 ta Bob Hirohata, wadda 'yan'uwan nan biyu, Sam da George Barris, suka sake wa kama a 1952. Sun sa mata zoben fitila na Ford ƙirar 1952, da fitilun baya na Lincoln, da adon gefe na Buick, suka kuma rage mata tsayin rufi. A 1959 wani saurayi ya saye ta dala 500. A 2017 aka shigar da ita rajistar motocin tarihi ta ƙasar, a watan Janairu na 2022 kuma aka yi gwanjonta a jihar Filorida a kan fiye da dala miliyan 2.

Amma fa ba kowane aure ne ke yin albarka irin wannan ba. Masu tara tsofaffin motoci da yawa sun fi son mota yadda ta fito daga kamfani, a ganinsu wanda ya sa wa irin wannan mota zarto ya ɓarnatar da abin da ba a sake ƙerawa. Sau da yawa mota biyu ake ɓatawa don a sami ɗaya. Bugu da ƙari, in aka kuskure awo, fitilar sai ta riƙa kashe wa masu tahowa ido, ko ta haska gindin mota ta bar hanya cikin duhu. Shi ya sa ƙa'idar tarayya ta Amurka ta ajiye tsayin fitilar gaba tsakanin inci 22 da inci 54 daga ƙasa. Ita kuma dalma, ƙurarta guba ce ga mai aikin, ruwan asid ɗin da ake wanke ƙarfe da shi kuwa in ya saura yakan haifar da tsatsa a ƙarƙashin fenti.

A 1983 aka sassauta dokar fitila, kowane kamfani ya sami damar zana tasa siffar. Fitilun motocin yanzu na roba ne, kowace da surarta, wasu ma a haɗe suke da kwamfutar mota, don haka dasa su a wata fuskar ya yi wuya ƙwarai. Masu wannan sana'a sai suka tsaya ga motocin shekarun 1940 da 1950, waɗanda kullum raguwa suke yi. Yau duk maƙerin da aka kawo wa irinsu yakan auna har sau uku kafin ya yanka, domin ƙarfen da zarto ya ci ba ya komawa yadda yake.